A karanta wasa a gaban mutane kafin a kai shi dandali

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana kan wani mataki da masu wasan kwaikwayo na Maradi suke tsallakewa, kuma tsallakewar tana cin mu. Matashi zai kwashe watanni yana cika kaye da rubutun wasa, daga nan sai ya miƙa wa ƴan wasa su haddace, ko ya nemi mai kyamara. Ranar da aka fito gaban jama'a ita ce ranar farko da kunnensa zai ji abin da hannunsa ya rubuta, alhali an riga an kashe kuɗin kaya da na haya, gyara ya wuce. Abin da ya kamata ya shiga tsakani shi ne zaman karatu: ƴan wasa su zauna da takardu a hannu, su karanta wasan da murya a gaban mutane kaɗan, ba kayan ado, ba hadda, marubuci yana gefe yana sauraro.

Mun san inda al'adar tsallakewar ta samo asali. Teyatur na Hausa a Nijar ya yi ƙarfi ne a hannun samariya, wato ƙungiyoyin matasa, musamman a zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da jihohi ke gasa a bikin matasa na ƙasa. Yawancin wasannin wancan lokaci ba a rubuce suke ba. Ana shirya ƙashin labari, a raba matsayi, kowa ya kawo maganarsa daga bakinsa, kamar yadda Janet Beik ta nuna a littafinta na 1987 kan wasan Hausa a Nijar. Wannan hanya ta fitar da gwanaye irin su Yazi Dogo, kuma ba mu raina ta. Illarta ɗaya ce: idan ƙungiya ta watse, wasan ya bi ta. Yau da Hausa ta zama harshen ƙasa a kundin sake gina ƙasa da gwamnati ta fitar a watan Maris na 2025, ɗalibai da malaman lakwal za su nemi wasannin da za su iya ɗauka su karanta. Sai an rubuta su, kuma sai an gwada rubutun kafin ya tsaya.

Aikin yana farawa ne daga takarda. A buga wasan a kwamfuta da manyan baƙaƙe, lamba 14, a fuska ɗaya ta takarda, kowane shafi da lambarsa. Sunan mai magana ya fito da manyan haruffa a gefen hagu, bayanin shiga da fita ya zauna cikin baka a layinsa daban. Kwafi kuwa, kowane mai karatu nasa, a ƙara uku: na mai karanta bayanin fage, na mai jagorancin zama, da na marubuci. Idan wasan shafi 30 ne, mutum 10 ke buƙata, an sami shafi 300. In mai fotokofi yana karɓar dala biyar a shafi, jikka bakwai da rabi ke nan, kuma shi ne mafi girman kuɗin da za a kashe. Sauran ruwan leda ne da kuɗin kabu-kabu na matan da za su zo daga nesa. Kada mutum biyu su haɗa kai a kwafi ɗaya don tsimi, muryarsu za ta tafi ƙasa maimakon ta tafi wajen masu sauraro.

Akwai matsalar da ta shafe mu mu ƴan Nijar, wadda ke ɓata zaman farko in ba a yi mata shiri ba. Ƴan wasanmu da yawa sun koyi karatu ne da Faransanci. Idan suka ga "ciki" sai harshe ya nufi "siki", idan suka ga "gida" sai su yi jinkiri a kan "gi", wasu kuma sun saba rubuta "ou" a wurin "u", "tch" a wurin "c". Marubuci ya bi ƙa'idar rubutun Hausa ɗaya daga farko har ƙarshe, ya sa ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, domin "kafa" da "ƙafa" ba abu ɗaya ba ne, kuma mai karatu da ya tsaya yana lalube ya kashe fitowar. A ba kowa kwafinsa kwana uku kafin zama. Wanda ya ƙware a wasa amma karatun boko bai zauna masa ba, kada a bar shi a baya. A karanta masa layukansa a saƙon murya na WhatsApp ya riƙa sauraro, ko ya kwafe su da ajami da hannunsa.

Zaman farko na cikin gida ne, ba baƙo ko ɗaya. A karanta daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, wani ya riƙe agogo yana rubuta mintin da kowace fitowa ta ci. Doka mafi wuya a nan ita ce hana ƙari. Ɗan wasan da ya taso a teyatur na baki, da ya ga magana ta yi rauni zai cike ta da tasa, ya jefa karin magana, a yi dariya, a wuce. Marubuci sai ya koma gida yana zaton fitowar ta yi daɗi, alhali gwanintar ɗan wasan ce ta rufe ramin. Don haka a faɗa tun farko: abin da ke kan takarda kawai za a karanta, ko da ya yi nauyi a baki. Inda harshe ya sarƙe, mai karatu ya ja layi da bik a ƙarƙashin wurin, ya ci gaba. Idan mutum biyu ko uku suka yi tuntuɓe a jimla ɗaya, laifin na jimlar ne. Sau da yawa za a tarar an yi tunaninta da Faransanci ne aka juyo ta, ko ta yi tsawon da numfashi ɗaya ba ya ɗauka. Don kada gwanintar ɗan wasa ta rufe ramin ne kuma ba a ba shahararren ɗan barkwanci babban matsayi a zaman karatu, tunda mutane za su yi dariya tun bai buɗe baki ba. Shi ma marubuci ba ya karanta kowane matsayi, ba ya jagoranci. Aikinsa kunne.

Bayan wannan zama a ba shi mako biyu ya gyara. Abubuwan da suka fi fitowa fili sanannu ne. Gaisuwa tana cin shafi guda a kowace shiga, "ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara", alhali a dandali gaisuwa biyu ta isa, sai fa idan gaisuwar ce ke ɗauke da rikicin, kamar kishiyar da ta amsa a daƙile. Ana ba da labarin abin da ya faru a waje maimakon a nuna shi. Sannan kowa yana magana da baki ɗaya: tsohuwa daga Tibiri, ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maradi da Katsina, da ɗalibar jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo duk suna Hausar labaran rediyo. Tsohuwar Gobir "mi" take cewa, "shina zuwa" take cewa, "ɗiyata" take cewa. Ɗalibar kuwa ba za ta gama magana ba ta jefa kalmar Faransanci. A kan takarda ido yana wuce wannan, amma da an karanta kunne zai kama. Gwaji mai sauƙi shi ne a rufe sunayen da hannu a karanta shafi ɗaya. In ba a gane mai magana ba, da sauran aiki.

Sai babbar cutar, wadda wasannin faɗakarwa na ƙungiyoyin agaji suka saba mana da ita: a fitowar ƙarshe mai gari ko likita ya miƙe ya yi wa'azin minti biyar kan abin da jama'a suka riga suka gani da idonsu. Ba mu ce a daina faɗakarwa ba, da ita ƙungiyoyi da yawa ke samun na shayi. Amma a zaman karatu marubuci zai ga da idonsa cewa daidai wurin nan ne mutane ke fara neman takalmansu.

Zama na biyu shi ne na gaban jama'a, bayan bita biyu ko uku, kowace ba ta wuce awa biyu ba. A jera kujerun masu karatu kamar rabin da'ira suna fuskantar mutane. Wanda ya shigo fage ya miƙe ya matso gaba, wanda ya fita ya koma ya zauna, shi ke nan motsin. Mai karanta bayanin fage ya zauna a ƙarshen layi, ya karanta abin da ba makawa kawai, irin su "Washegari, a zauren mai unguwa" ko "Ta ɓoye kuɗin cikin zane". Bayanin "cikin fushi" ko "yana murmushi" a soke shi, murya ce za ta nuna. Mutum ɗaya yana iya ɗaukar matsayi biyu muddin ba su haɗu a fitowa ɗaya ba, sai a rataya masa kwali mai suna a ƙirji, ya juya shi idan ya sauya. Hula ɗaya ko mayafi ɗaya ya isa alama. Da an fara kawo rawani da sanda da gemun auduga, hankalin mutane ya bar maganar ya koma kallo.

Masu sauraro su kasance tsakanin 20 da 40, a ɗakin da murya ke kaiwa bango ba lasifika, don kada ɗaukewar wuta ta tsayar da zama. Aji ɗaya na lakwal ya isa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga idar da La'asar zuwa kafin Magariba, wato karatun kada ya wuce awa ɗaya, a bar rabin awa na tattaunawa. Wasan da ya fi haka tsawo a raba shi kwana biyu. A watan Afrilu da Mayu a nemi inuwa a waje, ɗaki ba ya zaunuwa. A Agusta kuma a guji rufin kwano, ruwan sama na minti goma ya isa ya haɗiye fitowa guda. Zama da rana, a zaune, a wurin da kowa ke gani, yana da wata fa'ida a gari irin namu: iyaye da mazaje da ba za su bar mace ta hau dandali da dare ba sukan yarda ta zo ta karanta, kuma wasan da namiji ya rubuta yana matuƙar buƙatar mace ta ce masa "ba haka muke magana a cikin gida ba".

Kada a cika ɗakin da ƴan fadar marubuci. A gayyato irin mutanen da wasan ke magana a kansu. In labarin kasuwa ne a kira ƴan kasuwa biyu, in na gona ne a kira manomi daga Madarunfa ko Gidan Rumji, in akwai shari'a ko rabon gado a ciki a kira malamin da ya san hukuncin, tun kafin kuskure ya fita gari. Marubuci ya zauna a gefe inda yake ganin fuskoki, kwafinsa a cinya, yana sa alama: nan an yi dariya, nan an yi tsit, nan wata ta ce "kai!", nan wayoyi suka fara haske.

Tattaunawa ita ce inda zaman ke gyaruwa ko ya lalace. Gaskiya ɗaci gare ta, mu kuma mutane ne masu kara. In aka ce "me kuka gani?" amsar ita ce "Allah ya ƙara basira", kowa ya tashi. In kuma dattijo ya fara magana ya yaba, ba yaron da zai saɓa masa. Saboda haka mai jagoranci ya fara da matasa da mata, ya bar manya su rufe, kuma ya yi tambayoyin da yabo ba ya amsa su. Wa zai ba mu labarin nan a jimla uku? Me jarumar wasan take so tun farko? A ina hankalinka ya tafi wani wuri? Wace magana ce ta tsaya maka? Akwai abin da ba ka yarda zai faru a Maradi ba? In mutum biyar suka ba da labari iri biyar, marubuci ya sami amsarsa ba tare da an ci masa fuska ba. Masu kunya a raba musu ƴan takardu su rubuta ba suna. Mai jagoranci ya tare duk wanda ya fara "da ni ne, da sai in sa ya auri ƙanwar", domin wannan wasansa ne yake rubutawa a bakin wani. Marubuci kuma ba ya kare kansa, ba ya bayanin abin da yake nufi, tunda ranar wasa ba zai tsaya bakin ƙofa yana yi wa kowa bayani ba. Ya rubuta duk abin da aka ce, ya bar shi kwana uku kafin ya taɓa rubutun. Ba kowace shawara ake ɗauka ba, amma wurin da mutane da yawa suka nuna, ko da maganinsu ya bambanta, akwai ciwo a wurin.

Tsoron sata shi ke hana marubuta da yawa fito da aikinsu, kuma tsoron yana da dalili. A sa lamba a kowane kwafi, a rubuta wanda ya karɓa, a tattara su bayan zama. Waya ɗaya ce za ta ɗauki murya, ta marubuci, a ajiye ta a tsakiya. Masu sauraro a roƙe su kada su ɗauki bidiyo. Wanda ya gama aikinsa ya nemi yi masa rajista a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA. Mutum talatin da suka ji wasan a rana sananniya su ma shaidu ne.

Roƙonmu ga masu kula da gidan matasa da al'adu na Maradi, da shugabannin lise da na jami'a, shi ne ɗaki ɗaya da kujeru 40, yammacin Asabar ɗaya a wata, ba kuɗin haya. Gidajen rediyon garin, irin su Anfani, suna iya sanar da ranar, su kuma ɗauki wasan da aka riga aka yi wa zaman karatu biyun nan su watsa shi da izinin mai shi, tunda karatun da aka yi wa bita ya kusa zama wasan rediyo. Ƙungiyoyin wasa su riƙa karɓa-karɓa wajen kawo masu karatu, a ajiye kaye ɗaya na jerin suna, wanda ya fara kawo cikakken rubutu bugagge, shi ke da watan, ko daga Tasawa ya zo ko daga Dakoro.

Wassalam.

Daga wasu masu harkar wasan kwaikwayo, Maradi.