Farin Zaren da Ka Gani a Jikin Dutsen Mars

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya aiki, ya kuma haƙuri da mu? Saƙonka ya iso tun makon jiya. Da gangan na jinkirta amsa, domin tambayar da ka yi ba irin wadda ake sallama da layi biyu a waya ba ce, kuma ka san ni da maganar sararin samaniya, in aka taɓo ta sai na zauna.

Hoton da ka turo na motar binciken nan ce mai suna Curiosity, wadda hukumar NASA ta Amurka ta sauke a ramin Gale na duniyar Mars a watan Agustan 2012. Ka ga fararen layuka sun ratsa jan dutse kamar jijiyoyi, ka ce ko ƙanƙara ce ta maƙale a cikin tsaga. Wannan dai ba ƙanƙara ba ce. Wani nau'in gishirin ma'adini ne, dangin jifsum ɗin da ake yin farar filasta da shi. Ruwa ne ya bi tsagogin dutsen a wani zamani mai nisa, ya janye, ya bar shi a baya. Amma kada ka ɗauka tambayarka ta faɗi. Ko dutsen da ke saman wata duniya zai iya riƙe ƙanƙara? Zai iya, sai dai ya danganta da inda dutsen yake kwance da abin da ya lulluɓe shi, fiye da irin dutsen kansa.

Bari in fara da abin da ya hana wancan dutsen naka. Iskar Mars siririya ce ƙwarai, nauyinta a kan ƙasa bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, ga ta kuma a bushe ƙamas. A irin wannan yanayi ƙanƙara ba ta tsayawa ta narke ta zama ruwa. Tururi take zama kai tsaye, ta bi iska. Ka tuna ƙwallon kafur da ake jefawa cikin akwatin tufafi: bayan 'yan watanni ka buɗe, ya ƙanƙance ko ya ɓace, kuma ba ka ga danshi ko ɗigo ɗaya a jikin riga ba. To haka ƙanƙara take yi a can in rana ta same ta. Ramin Gale kuwa yana dab da tsakiyar duniyar, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, kamar digiri 5 kudu, inda ƙasa kan ɗumama har ta haura sifili da rana. Ƙanƙarar da ke fili a wurin ba ta da wurin ɓuya.

Sai dai dutse ba dunƙulallen abu ba ne kamar yadda ido ke nuna mana. Yana da 'yan kafofi da tsagogi, ƙasar da ke kewaye da shi kuma tsakuwa ce da ƙura masu sarari a tsakaninsu, kamar soso. A yankunan da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu, inda sanyi ba ya sassautawa, ɗan tururin da ke cikin iska yakan kutsa cikin waɗannan kafofi ya daskare, ya ɗaure yashi da tsakuwa wuri guda har su yi tauri kamar kankare. Busasshiyar ƙasar da ke sama kuma ita ce bargo: tana tare zafin rana, tana rage wa tururi hanyar fita. Tun a 1966 wasu masana biyu, Robert Leighton da Bruce Murray, suka yi lissafi suka ce ya kamata a sami ƙanƙara a ƙarƙashin ƙasar waɗannan yankuna. A 2002 kumbon Mars Odyssey, daga sama, ya gano haidurojin, ɗaya daga cikin sinadaran da suka haɗu suka yi ruwa, mai yawan gaske a cikin mita ɗaya na farko na ƙasar. Alama ce mai ƙarfi, amma har lokacin ba wanda ya taɓa abin.

Wanda ya taɓa shi ne kumbon Phoenix, kuma labarinsa ne na fi so in ba ka. Ya sauka ranar 25 ga Mayun 2008 a wani shimfiɗaɗɗen fili na arewa, wajen digiri 68. Ƙasar wurin duk ta tsattsage gida-gida, irin tsagewar da ƙasa mai ƙanƙara a ciki take yi in tana tsukewa da sanyi tana saki. Da aka leƙa ƙarƙashin cikinsa da kyamara, sai aka ga wutar rokokin saukarsa ta share ƙura ta tona wani farin daɓe mai santsi. Daga nan hannunsa ya haƙa rami, bai fi zurfin 'yan yatsu ba, sai ga fari. Gardama ta tashi, irin taka da ni: gishiri ne ko ƙanƙara? A kusurwar ramin, cikin inuwa, akwai wasu 'yan gutsattsari da ba su wuce girman ɗan ludo ba. Aka ɗauki hotonsu ranar 15 ga Yuni. Aka bar su. Ranar 19 aka sake ɗauka, babu su. Gishiri ba ya tashi ya bi iska cikin kwana huɗu. Na sha ajiye hotunan nan biyu gefe da gefe ina kallo, kuma har yau sai in ji tsigar jikina ta tashi. An kashe maƙudan kuɗi an ɗora wa kumbon na'urori iri-iri, amma hujjar farko ta fito ne daga haƙurin jiran kwana huɗu da sake duba wuri ɗaya. A ƙarshen Yuli aka samu aka zuba ƙasar a ɗan tandun da ke jikinsa, bayan ta yi ta manne wa cokalin haƙar tana ƙin zuba, aka ɗumama ta, na'ura ta tabbatar ruwa ne.

Akwai abin da ke sosa min rai a nan. Kumbon Viking 2 ya sauka a filin Utopia tun 1976, wajen digiri 48 arewa, har ya ɗauki hoton farar raɓa daskararriya a kan duwatsu da ƙasa lokacin hunturu. Ya yi haƙa shi ma. Bayan shekara talatin da 'yan kai, da kumbon Mars Reconnaissance Orbiter ya fara ganin sababbin ramukan da duwatsun sama suka fasa a irin wannan yanki, da farar ƙanƙara a cikinsu tana dusashewa cikin watanni, sai masana suka ce mai yiwuwa da Viking 2 ya ƙara kamar santimita 10 a haƙarsa, da ya ci karo da ita. Tazarar da ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

Kada kuma ka zaci ɗan ɓawo ne kawai. A 2018 aka fitar da bayanin wasu gangarori guda 8 inda ƙasa ta zaizaye ta bar ƙanƙara tsirara a jikin bango, kaurinta a wasu wuraren ya haura mita 100, tana farawa daga mita ɗaya ko biyu ƙarƙashin ƙura. Sannan ranar 24 ga Disamban 2021 wani dutse ya faɗo daga sama a yankin Amazonis, na'urar InSight, mai auna girgizar ƙasa da aka sauke a Mars, ta ji girgizarsa daga nesa, ya bar rami mai faɗin kusan mita 150. A bakin ramin an ga manyan ƙundumomin ƙanƙara a warwatse. Wurin yana kusan digiri 35 arewa, kuma har lokacin ba a taɓa ganin binnanniyar ƙanƙara kusa da tsakiyar Mars haka ba. Dalilin samunta a irin nan shi ne karkatar duniyar ba ta zama a wuri ɗaya. Yanzu tana kan digiri 25, amma a zamanin da ta fi haka karkata, ƙanƙarar ƙuryoyi takan tashi ta sauka a yankunan tsakiya, ƙura ta binne ta, ragowar ta kwanta har yau.

In muka koma ga dutsenka na Gale, shi ma ba a ce babu ruwa a jikinsa ba. Jifsum da yumɓu suna riƙe ruwa a cikin ginin ma'adininsu, a ɗaure, ba a daskare ba. Curiosity ta gasa yashin wurin a tandunta, ruwa kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ya fito. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa in sun ga kanun labarai cewa an sami ruwa a dutsen Mars. Ruwan da ke ɗaure cikin ma'adini daban, ƙanƙarar da ta cika kafofin ƙasa daban, kuma ina jin haushin yadda ake cakuɗa su don a ja hankalin mai karatu. Ga wanda zai je can wata rana yana neman abin sha da abin yin man roka, bambancin babba ne: ɗaya sai an gasa tarin ƙasa da wuta mai yawa, ɗaya kuwa a haƙa a narkar.

Sauran duniyoyi ba zan tsawaita ba. Makuri, wadda ta fi kowace kusa da rana, zafinta da rana yana kai digiri 430, amma a gindin ramukan ƙuryarta da hasken rana bai taɓa shiga ba akwai ƙanƙara, kumbon MESSENGER ya tabbatar a 2012. Watanmu ma haka, a ramin Cabeus, inda aka harba gangar roka da gangan a Oktoban 2009 aka ga ruwa cikin ƙurar da ta tashi. Can nesa kuma tambayar tana juyewa gaba ɗaya. A Titan, babban watan duniyar Zuhal, na'urar Huygens ta sauka a Janairun 2005 cikin sanyin kusan digiri 180 ƙasa da sifili, ta ɗauko hoton mulmulallun tsakuwoyi kamar na bakin rafi, waɗanda ake kyautata zaton ƙanƙarar ruwa ce. Tsaunukan Fuluto da kumbon New Horizons ya gani a 2015, masu tsayin sama da mita 3,000, su ma na ƙanƙara ne. A irin wannan sanyi ita kanta ƙanƙarar ce dutsen.

Abin da nake roƙonka, ka nemi hotunan Phoenix ɗin nan biyu, na ramin da suka sa wa suna Dodo-Goldilocks, ka nuna wa babban yaronka tunda ka ce shi ya fara tayar da maganar. Kada ka gaya masa komai. Ka ce ya duba kusurwar ƙasa ta hagu a hoton farko, sannan ya duba ta a na biyu, ka ji me zai ce. Ina son ka rubuto min amsarsa yadda ya faɗe ta.

Ka gaishe min da maiɗakinka da yara duka, da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka