Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Tsaron Jama'a Na Ƙasar Sin, Wang Xiaohong, Kan Korar Baƙi 'Yan Mongoliya Daga Otal

Mai girma Minista, gaisuwa da fatan alheri.

A watan Mayun 2024 ma'aikatarka, tare da ta kasuwanci da hukumar shige da fice, ta ce kada wani otal ya sake korar baƙo da hujjar wai ba shi da izinin saukar da 'yan ƙasashen waje. Cikin masu ƙorafin da suka jawo wannan sanarwa har da ɗan Najeriya, shi ya sa ba mu ɗauke ido ba. To, har yanzu ɗan Mongoliya kan ƙetaro daga Zamyn-Uud, garin kan iyaka a Mongoliya, zuwa Erenhot da ke ɓangaren Sin sayen kaya, ko ya kawo marar lafiya asibiti a birnin Hohhot na Sin, ya biya kuɗin ɗaki ta waya, da ya miƙa fasfo sai a ce masa ɗakuna sun cika.

Ka fi kowa sanin inda gizo ke saƙa. Ɗan ƙasa katinsa na shaida mai lamba 18 kawai zai ɗora a kan na'ura, nan take bayanansa su tafi wajen 'yan sanda. Mai fasfo kuwa, a ƙananan otal sai ma'aikaci ya zauna ya buga komai da hannu: suna, lambar fasfo, ranar shigowa, da nau'in biza. Ɗan Mongoliya na iya shigowa ba biza na kwana 30, sai gurbin bizar ya rikita ma'aikacin. Ga sunan uba ga na yanka, bai san wanne zai sa gaba ba. Kuma dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta tanadi tarar yuwan 1,000 zuwa 5,000 ga otal ɗin da ya yi sakaci mai tsanani wajen kai rahoton baƙo. Yaron da ke aikin dare ya auna, ya ga korar baƙon ta fi masa sauƙi. Wani ma ba ya jiran fasfon, jin harshen Mongol kaɗai ya ishe shi ya ɗaure fuska, kuma wannan wariya ce tsagwaronta.

Otal nawa aka hukunta kan korar baƙo tun bayan sanarwar? A faɗa mana sunayensu. Muddin tsoron tara ya fi tsoron umarninku, umarnin zai tsaya a kan takarda, mai jinya kuma ya ci gaba da jan jaka daga ƙofa zuwa ƙofa cikin sanyin Erenhot da kan sauka ƙasa da digiri 20 ƙarƙashin sifiri. Don Allah a dubi wannan.

Gyaran ba shi da tsada. A wajabta na'urar karanta fasfo a kowane otal, a horar da masu aikin dare, sannan duk wanda aka kora ya kira 12367, layin wayar hukumar shige da fice, a turo ɗan sanda a daren, ba washegari ba. 

Mun ga abin da aka yi wa 'yan Afirka a birnin Guangzhou a Afrilun 2020, lokacin da aka kore su daga gidaje da otal saboda korona. Muna jiran umarninka a rubuce zuwa ofisoshin 'yan sandan garuruwan kan iyaka.