Zuwa ga ƙanena da ya tambaye ni ko ya sayar da hannun jarinsa

Assalamu alaikum ƙanena,

Ranar Asabar, ana shirin tashi daga taron ƙungiyarmu a nan Bronx, ka miƙe da waya a hannu ka jefo mini tambaya a gaban jama'a. Ka ce: "Yaya, kai ne aikinka duba lissafin kamfanoni. Mai kula da kuɗin kamfanin maganin nan da muka zuba jari a ciki ya sayar da hannun jarinsa, alhali saura 'yan makonni a fitar da sakamakon gwajin maganinsu. Wannan ba sata ba ce? Mu sayar ko mu riƙe?"

Kafin in buɗe baki zauren ya rabu biyu. Masu cewa ruwa ba ya tsami banza suna gefe guda, har wani yana rantsuwa da sassafen Litinin zai zubar da nasa. Masu cewa mai haƙuri yakan dafa dutse suna ɗaya gefen, suna kiran na farkon matsorata. Wayarka ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, kowa yana ƙura wa jan layin farashin nan ido kamar zai yi masa magana. Na ga in na sa baki a wannan hayaniyar, kowa rabin zancena zai ɗauka ya tafi da shi. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, ga amsar a rubuce, kowa ya karanta.

Zan fara ba ka labarin wani kamfani, don duk gardamar da kuka yi an riga an yi ta a kansa, a garin nan da muke zaune.

Sunansa ImClone, ƙaramin kamfanin binciken magunguna ne a Niyok, wanda Samuel Waksal da ɗan'uwansa Harlan suka kafa a 1984. Kamar naku, duk begensa yana kan magani ɗaya: Erbitux, na ciwon dajin hanji. A watan Satumbar 2001 babban kamfanin Bristol-Myers Squibb ya ƙulla ciniki da su wanda zai iya kai dala biliyan 2, ciki har da sayen kusan kashi 20 cikin ɗari na kamfanin a kan dala 70 kowane hannun jari. Waksal da kansa ya sayar da wani kaso na nasa a wannan cinikin, ya kwashi miliyoyin daloli. An yi shi a fili, farashi ɗaya aka yi wa duk mai hannun jari, kuma ba a kan wannan aka ɗaure shi ba. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Watanni kaɗan bayan haka, a ƙarshen Disamba, labari ya iso kunnen Waksal cewa hukumar FDA, mai ba da izinin sayar da magani a Amurka, ba za ta ma karɓi takardun Erbitux ta duba ba, saboda tsarin gwajin da bayanan marasa lafiyar ba su gamsar da ita ba. Ba a sanar da jama'a ba tukuna. Ranar Alhamis 27 ga wata 'yarsa ta sayar da nata, mahaifinsa ma ya sayar. Shi kansa ya tura hannun jari kusan dubu 80 zuwa asusun 'yar tasa don a sayar, dillalan Merrill Lynch suka ƙi. A wannan ranar ce Martha Stewart, shahararriyar mai shirin girki da ƙawata gida a talabijin, tana kan hanyarta ta zuwa Meziko, jirginta ya tsaya shan mai a Texas, ta yi waya da ofishin dillalinta. Yaron dillalin ya tsegunta mata cewa iyalin Waksal suna ta sayarwa. Nan take ta ce a sayar da nata duka, guda 3,928, a kan wajen dala 58 kowanne. Washegari Juma'a, bayan an rufe kasuwa, kamfanin ya sanar da hukuncin FDA. Ranar Litinin farashi ya faɗo daga wajen dala 55 zuwa wajen 46, kuma cikin shekarar 2002 har ƙasa da dala 10 ya kai.

Waksal ya amsa laifinsa, a 2003 aka yanke masa shekara bakwai da wata uku. Ita Martha, asarar da ta kauce wa ba ta kai dala dubu 46 ba, kuɗin da bai taka kara ya karya ba a wurin mai dukiya irin tata. Kuma abin mamaki, ba cinikin ne ya kai ta gidan yari ba. Ƙaryar da ta yi wa masu bincike ce, wai tun can akwai yarjejeniya da dillalinta a sayar in farashi ya sauka ƙasa da dala 60. Wata biyar ta yi a tsare.

Na san masu cewa ruwa ba ya tsami banza sun fara murmushi. To, su dakata a ji ƙarshen labarin. Maganin yana aiki. A watan Fabrairun 2004, ana tsakiyar shari'ar Martha, FDA ta amince da Erbitux bayan an kawo sakamakon wani gwaji da aka yi a Turai. A 2008 kamfanin Eli Lilly ya saye ImClone gaba ɗaya a kan dala biliyan 6.5, wato dala 70 kowane hannun jari. Da matar nan ta zauna ta yi shiru, da ta ci riba kuma ba ta san hanyar kurkuku ba. Masu haƙuri ma kada su yi saurin tafi: wanda ya riƙe sai da ya ga kuɗinsa ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, ya jira fiye da shekara biyu kafin farashin ya farfaɗo. Mutum nawa ne a zaurenmu ke da kuɗin da zai iya mantawa da su shekara da shekaru, ga haya, ga kuɗin da ake turawa gida duk wata?

Abin da nake so ka gani shi ne, mutum ɗaya ne ya yi ciniki sau biyu, tsakaninsu 'yan watanni. Na farko halas a idon doka, na biyu ya kai shi kurkuku. Abin da ya raba su kawai shi ne abin da ya sani a ranar, wanda mai saye bai sani ba. Kai da ka taso kana bin Baba kasuwar shanu ka san wannan. Babu wanda ke zargin makiyayi don ya kai sansa kasuwa. Ƙila aurar da 'ya zai yi, ƙila bashi ya taso. Amma wanda ya ga san ya kwana yana tari, ya yi sammako ya kai shi kasuwa ya ja bakinsa ya yi gum, wannan sunansa daban. Malamai sun karantar da mu hadisin mai tsibin hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya rufe da busasshe. Dokar Amurka a kan ciniki da sirrin cikin gida, in ka cire mata lauyoyi da dogon turanci, a nan ta tsaya.

Yanzu mu dawo kan mutumin naku. Labarin da ka gani a waya ya ce "ya sayar", shi ke nan. Amma tun 2002 doka ta wajabta wa duk darakta ko babban jami'in kamfani ya kai rahoton cinikinsa ga hukumar SEC, mai sa ido a kan kasuwar hannun jari a Amurka, cikin kwana biyu na aiki, a wata takarda da ake kira fom mai lamba 4. Kyauta ake karanta ta a shafin hukumar. Daren Lahadi na zauna na buɗe tasa. A irin wannan takarda kowane layi yana da harafi guda. P na nufin mutum ya sa kuɗin aljihunsa ya saya a kasuwa. S ya sayar. M ya yi amfani da damar da kamfani ya ba shi a matsayin wani ɓangare na albashi, ta karɓar hannun jari a kan tsohon farashi. F kamfani ya riƙe wani kaso don biyan haraji. Ƙananan kamfanonin magani ba su da kuɗin biyan albashi mai tsoka, da hannun jari suke cike giɓin, don haka jami'insu in yana son kuɗi a hannu dole wata rana ya sayar.

A takardar mutuminku layi biyu na gani, M a sama, S a ƙasa, rana ɗaya, adadi ɗaya. A saman takardar kuma an yi alama a wani ɗan akwati da ke nuna cinikin yana cikin tsarin da aka tsara tun da wuri, a ƙarƙashin ƙa'ida mai lamba 10b5-1. Ma'anarta, jami'i ya rubuta wa dillalinsa tun lokacin da ba shi da wani sirri cewa a rana kaza a sayar mini da kaza, sannan ya cire hannunsa. Tun 2023 an ƙara matse ƙa'idar: darakta ko babban jami'i sai ya jira aƙalla kwana 90 bayan rubuta tsarin kafin a yi cinikin farko, kuma sai ya bayyana ranar da ya rubuta. Ranar da ke ƙasan takardarsa ta girmi cinikin da watanni. Layin ƙarshe kuma ya nuna abin da ya rage masa ya ninka wanda ya sayar sau da yawa. Wanda ya ga gobara a ɗaki ba ya fitar da tabarma ɗaya ya bar katifa da akwati.

Ba ina wanke shi ba ne. Tsarin nan yana da ƙofofinsa, mutum na iya soke shi in ya hango labari mai daɗi, kuma ba ya hana tsegumi. Ka tuna ranar 9 ga Nuwambar 2020 da Pfizer ya sanar da nasarar rigakafin korona, a ranar shugabansa Albert Bourla ya sayar da hannun jari na kusan dala miliyan 5.6 ta irin wannan tsari da ya rubuta tun watan Agusta, duniya ta yi ta surutu. Abin da zan iya faɗa da bakina shi ne, abin da na karanta bai isa a kira mutum ɓarawo a gaban jama'a ba. Da na ga jami'ai uku ko huɗu sun sayar a mako guda, babu alama a akwatin nan, kowa ya zubar da rabin abin da ya mallaka, da da kaina zan buga maka waya cikin dare. Haka kuma a gwajin da aka tsara da kyau, ana ɓoye wa kowa wane majiyyaci ne ya sha maganin gaske wane ne ya sha na bogi, har shugabannin kamfanin, sai ranar da aka buɗe bayanan. Mai yiwuwa mutumin da kuke ta karanta zuciyarsa daga nesa yana cikin duhu ɗaya da ku.

Abin da ya hana ni barci daban ne, kuma babu wanda ya taɓo shi a zauren. Da nake kan shafin na buɗe rahoton kamfanin na wata uku-uku. Ba ya sayar da komai. Babu magani ko ƙwaya ɗaya a kanti. Kuɗin masu zuba jari yake ci yana biyan masana da asibitocin gwaji, kuma in ka raba abin da ke asusunsa da abin da yake kashewa duk wata uku, za ka ga bai da nisan tafiya. Kamfani irin wannan in sakamako ya yi kyau, sau da yawa cikin kwanaki yake buga sabbin hannayen jari ya sayar don ya cika asusu, kason kowa ya ragu. In sakamako ya ɓaci kuwa, rabin farashi ko fiye na iya tafiya kafin ka idar da sallar asuba, don galibi kafin a buɗe kasuwa ko bayan an rufe ta ake fitar da irin wannan sanarwa. Umarnin da wasunku suka sa a manhaja, wai a sayar in farashi ya sauka zuwa kaza, ba zai cece ku ba. Farashin tsallake wurin zai yi ya dira can ƙasa. Kuma mafi yawan magungunan da ke shiga gwaji a jikin mutane ba sa kai wa ga samun izini.

Ka ce in sayar ko in riƙe. Ni da nake ganinka kana fita da tasi tun kafin gari ya waye, na kuma san kuɗin nan na rufin ginin da ka fara a gida ne, ga ra'ayina: ka rage, ka rage da yawa, kafin ranar sakamako. Ka bar abin da in ya ƙone ƙurmus za ka yi tsaki kawai ka kunna mota ka fita aiki. Ba don jami'in nan ya sayar ba. Ko da harafin P na gani a takardarsa, shawarar da zan ba ka ke nan. In maganin ya yi nasara za ka ji haushina na ɗan lokaci, na yarda, na ɗauka.

Ga sauran 'yan'uwa kuma, na ji wani a zauren yana alfaharin yana da aboki da ke aiki a ɗaya daga cikin asibitocin gwajin, wai zai jiyo mana. Don Allah a bar wannan maganar a inda ta faɗi. Mathew Martoma, wani mai juya kuɗin attajirai, daga bakin likitan da ke sa ido a kan gwajin wani maganin cutar mantuwa ya jiyo sakamako a 2008, aka yi ciniki da shi, a 2014 aka ɗaure shi shekara tara. Doka ba ta tsaya kan ma'aikacin kamfani ba, tana bin wanda aka tseguntawa har gida, balle mu da yawancinmu takardun zamanmu ba sa son ko ƙurar kotu.

Asabar mai zuwa ka zo da wuri kafin a fara taro, ka taho da wayar a cike da caji. Zan nuna maka inda ake buɗe takardun nan biyu da yadda ake raba lissafin, don gaba ka duba da kanka. A gaida iyali.

Yayanka.