A Sake Duba Yadda Ake Zaɓen Fitattun Mutane

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan jerin fitattun mutane, na da da na yanzu, da ƙananan hukumomi ke shirin karramawa. Abin da ya dame ni, galibinsu masu rai ne, kuma masu riƙe da muƙami. Ina malaman makaranta da ungozomomin da suka ƙarar da ƙarfinsu wajen yi wa jama'a hidima?

A Landan, tun 1866 ake manna alluna a gidajen da fitattu suka taɓa zama, kuma a yau sai mutum ya shekara 20 da rasuwa kafin a sa sunansa. Shawarata a ɗauki irin wannan sharaɗi, sannan a bar dattawan unguwanni su kawo sunaye, ba 'yan siyasa ba.

Naku,
Wani mai karatu