Masu keke, a gyara yadda ake ɗaura kariya

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da masu keke. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 mutane da dama suka koma wa keke, kuma yawancin kekunan gwanjo ba sa zuwa da kariya, wato ƙarfen ɗora kaya da ke bayan sirdi. Sai mutum ya sayo ko ya sa mai walda ya ƙera masa, a ɗaure da waya da roba. Kwana biyu ka ji tana ƙara, ta karkace, wata ma ta zauna a kan taya da kaya a kanta. Galibi ba ƙarfen ne ke da laifi ba, ɗaurin ne.

Kafin a sayi kariya a duba firam. Tsohon keke irin Phoenix ko Raleigh mai taya 28 ba shi da wahala: ƙafafun kariya suna shiga aksul na baya, wato sandar da ta ratsa tsakiyar taya, a matse da sifana lamba 15, samanta kuma ya kama ƙusar da ke matse sirdi. Sai dai da zarar an kwance notin aksul taya tana gocewa. A mayar da ita tsakiyar firam, a bar wa sarƙa ɗan sassauci kamar santimita 1, sannan a tabbata aksul ya cika notin har ya leƙo. Idan ƙafar kariya da sandar madigadi sun cinye wuri har noti ya kama zare biyu kacal, wata rana zai tsinke a hanya.

Keken gwanjo mai giya tsarinsa daban. Kusa da aksul, dama da hagu, akwai ƙananan ramuka masu zare, da wasu biyu a sandunan da suka sauko daga ƙarƙashin sirdi. Ƙusa mai kaurin milimita 5 suke ci, wadda alanki (ɗan makullin nan mai siffar L) lamba 4 ke juyawa, tsawonta milimita 12 zuwa 16, kowace da washa. A kankare fenti da tsatsa daga ramin, a shafa ɗan giris, a fara juya ƙusar da yatsu. In ta cije tun farko to ta hau zare a karkace, a fito da ita. Wanda ya sa ƙarfi a nan ya kashe ramin, musamman idan firam ɗin alminiyam ne. Gane shi ba wuya: maganaɗisu ba ya kama alminiyam. Irin wannan firam kada a huda shi, kada kuma a kai shi wurin mai waldar bakin titi, domin zafi yana raunana shi ya tsage daga baya.

Ga wurin da har masu gyara suke yin kuskure. A ɓangaren sarƙa, idan ƙusa ta yi tsawo takan leƙa ciki, sai mai keke ya sa giyar ƙarshe sarƙa ta bugi bakinta ta maƙale. A gajarta ta ko a ƙara washa ta waje, sannan a juya feda a gwada kowace giya tun keke yana tsaye.

Kada a matse ƙusa ko ɗaya sai duka huɗun sun shiga. Daga nan a daidaita kariya ta kwanta sosai, kada ta sunkuya baya, a bar tazarar yatsu biyu tsakaninta da taya, a duba hannuwan kariya na sama ba su danne wayar birki ba. Sai a matse na ƙasa, a biyo da na sama. Firam marar ramuka ana sa masa maɗaurin ƙarfe mai zagaye sanda, a shimfiɗa yankin tsohon tiyub a ƙarƙashi don kada ya zame ko ya ci fenti. Kariyar da ke maƙale a sandar sirdi kaɗai kuwa, ta jakar makaranta ce, ba ta wuce kilo 10.

Sai batun nauyi. Yawancin kariyoyin kamfani an buga kilo 25 a jikinsu, jarka ɗaya mai lita 25 ta riga ta cinye wannan. Mai ɗebo jarka biyu ko goyon babban mutum, tsohon keken ƙarfe ne abokin tafiyarsa. A ɗora kaya daidai saman aksul, domin in ya zarce baya gaban keke yana yin sauƙi, kan ya riƙa rawa, sifok kuma su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Bayan mako guda a sake bin ƙusoshin nan huɗu da alanki. Gargadar hanya tana sassauta su, kuma ƙusar da ta yi sako-sako ita ce ke guntulewa a cikin rami, fitar da guntunta kuwa aiki ne na yini guda.

Wassalam.

Mai gyaran keke,
Zariya