Wasiƙar Godiya Ga Cibiyar Kwamfuta Ta Saman Bene A Hanyar Bauchi, Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Malam mai cibiya, da yaransa biyu da ke zama da mu a gaban na'ura, da ƙanwarmu mai rajista a bakin ƙofa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya sanyi, ya kasuwa? Malam, na san ka hana ni wannan rubutu. Ranar da na hau benenku da takardar sakamakon jarrabawata ta tabbatar da aiki a hannu, cewa ka yi in sa ka a addu'a, ya wadatar. Addu'a kam ina yi, amma Bahaushe ya ce yaba kyauta tukuici. Na dai sakaya sunanka kamar yadda ka roƙa. Wanda ke bin hanyar Bauchi daga Taminus zuwa wajen jami'a ya san benen da nake nufi.

Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce a nan Jos, a mataki na 08. Ban samu aikin da wuri ba, sai da na kwashe shekaru ina koyarwa a wata makarantar kuɗi kafin Allah Ya kawo shi. Wanda ya shiga aikin gwamnati ya san sai ya yi shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi, kuma a cikin sharuɗɗan akwai cin jarrabawar tabbatarwa da ƙarin girma, wadda kowa a ofis ke kira COMPRO. Manyanmu da takarda da biro suka rubuta tasu. Mu da muka zo a baya sai muka tarar ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya mayar da ita kan kwamfuta, ana yin ta a cibiyoyin jarrabawa tare da hukumar JAMB. Ga yaran yanzu wannan ba komai ba ne, tunda JAMB ta daina jarrabawar takarda tun 2015, da kwamfuta suka shiga jami'a. Ni kuwa da fensir na cike tawa. Ko kundin kammala digirina ma kuɗi na biya aka buga mini a wani shago. Wayar hannu na iya latsa ta kamar kowa, amma a ajiye ni gaban kwamfuta a ce agogo na tafiya, sai hannuna ya ɗauki rawa.

Ba na cikin masu sukar wannan sauyi, in faɗi gaskiya. Mun sha jin labarin yadda takardar mutum kan ɓata tsakanin ɗakin jarrabawa da teburin mai maki, da yadda sakamako kan yi watanni ana jira. Kwamfuta ba ta san ɗan wane ba. Sai dai gwamnati ta kawo tsari mai kyau, koyon zama da shi kuma ya rage wa mai shiga rijiya. A nan ne kuka shigo rayuwata.

Kafin in zo wurinku na riga na yi asara. Wani ya sayar mini da ƙunshin tambayoyin baya, an ɗaure su da roba, ya rantse mini cewa daga ciki za a fitar. Na yi mako uku ina haddacewa. Ranar farko da na nuna maka su, Malam, ka buɗe shafi biyu kawai ka tambaye ni, kwana nawa ake ba ma'aikaci namiji hutu idan matarsa ta haihu? Na ce ai babu wannan a dokar aiki. Ka yi murmushi ka ce, "Hajiya, littafin 2008 kike karantawa." Ashe an sabunta Dokokin Aikin Gwamnati a 2021, sabon bugun ya fara aiki a watan Yulin 2023, kuma uba yana da hutun kwanakin aiki 14. Ina ofis kullum, ina sa hannu a rajistar zuwa aiki, ban san dokar da ke kaina ta canza ba. Kunya ta kama ni ranar, har yau in na tuna sai in yi dariya.

Abin da ya bambanta ku da sauran masu wannan sana'a ke nan. Ba ku tsaya kan latsa na'ura kaɗai ba. Ka ajiye sabon bugun dokokin a kan tebur, da littafin Ka'idojin Kuɗi na 2009, ka ce duk amsar da muka zaɓa sai mun buɗe mun nuna maka inda take. Da farko abin ya ba ni haushi, don ni amsa nake so a ba ni in haddace. Daga baya na gane dabarar. Mai shirya tambaya yana iya juya ta ta kowace fuska, wanda ya haddace harafin amsa kawai sai ya faɗi, wanda ya karanta dokar kuwa ko ta ina aka ɓullo masa zai gane ta. A kan teburin nan na zauna da bambancin ƙaramin laifi da babban laifi a wurin aiki, da cewa wanda aka ba takardar tuhuma awa 72 yake da shi ya ba da amsa. A nan na riƙe shekarun jiran ƙarin girma: biyu ga mataki na 06 zuwa ƙasa, uku ga na 07 zuwa 14, huɗu ga na 15 zuwa sama. Ritaya shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Wa'adin darakta shekara 8, na babban sakatare 4 da za a iya sabuntawa sau ɗaya. Har muka yi doguwar muhawara wata Asabar a kan tsohon fom ɗin APER na ba ma'aikaci maki da ake cikewa duk ƙarshen shekara, da sabon tsarin auna ƙwazon ma'aikaci da aka kawo ya gaje shi. Wani dattijo a ajinmu ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin ogan da ya ba yaronsa maki mara kyau a APER ba, sai in sun yi faɗa. Aka yi ta dariya, amma ba wanda ya ƙaryata shi.

Sai maganar na'urar kanta. Yaronka ƙarami, wanda ba zai wuce sa'ar ɗana na fari ba, shi ya sha wahalata. Linzamin kwamfuta ya ƙi ni na ƙi shi. In na nufi B sai kibiyar ta zarce C. Bai taɓa yin tsaki ba. "Mama, ki saki hannunki, ba gudu zai yi ba," haka yake ce mini. Da ya ga abin ya ƙi, sai ya koya mini hanyar da JAMB ta tanadar wa irina: A, B, C, D don zaɓar amsa, N don tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Ya sa na maimaita har yatsuna suka san wurinsu ba sai na duba ba. Daga baya linzamin ma ya bi ni. Kuma kowace Asabar sai kun yi mana gwaji da agogo a saman allo, lokaci na cika na'ura ta rufe, ko ka gama ko ba ka gama ba. Gwajin farko ban kai rabin tambayoyi ba. Na sauko benen ina share hawaye da bakin mayafi, ƙanwarmu mai rajista ta biyo ni har bakin titi tana cewa, "Anti, kowa haka ya fara, don Allah ki dawo ranar Litinin." Na dawo.

Akwai abubuwan da ba a rubuta su a rasit. Kun mayar da ajin ma'aikata bayan la'asar saboda mu tashi daga ofis, kuna tsayawa a yi magariba a ci gaba. Ranar da aka ɗauke wuta ba ku taɓa sallamarmu ba, janareto kuke tayarwa, da tsadar man nan tun bayan cire tallafi a 2023, ba ku ƙara mana ko sisi ba. Watan da kuɗi ya yanke mini ka ce in ci gaba da zuwa, in albashi ya shigo na kawo. Ajinmu kuwa Jos ce a dunƙule: mu daga Unguwar Rogo da Gangare, wasu daga Tudun Wada, wata ma'aikaciyar jinya tun daga Bukuru take hawo mota. Musulmi da Kirista a benci ɗaya, littafi ɗaya muke karɓa-karɓa. Wanda ya san garin nan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙorafina ɗaya, kuma na faɗa maka a gabanka: matakalar benen nan ta yi tsayi, ga duhu da yamma. Akwai mai juna biyu a cikinmu da sai ta huta sau biyu kafin ta kai sama. A sa ƙwan fitila ko ɗaya ne.

Ranar jarrabawa na isa tun sanyin safiya, hazo bai washe ba. Da aka zaunar da ni gaban allo sai na ji kamar wata Asabar ce a benenku. Na gama da sauran lokaci, na koma baya na sake duba waɗanda na yi shakka a kansu kamar yadda ka koya mana. Matar da ke kusa da ni ta ɗaga hannu sau uku tana neman a nuna mata yadda za ta wuce tambaya ta gaba. Na tausaya mata ƙwarai, don ni ce wannan watanni kaɗan da suka wuce.

Yanzu maganar ta wuce mu da ke ciki. A farkon 2025 Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya, ƙarƙashin Farfesa Tunji Olaopa, ta buɗe shafin neman aiki a intanet, komai ta can ake cikewa. Ƙanina na cikin waɗanda suka nema, kuma yaranka ne suka zauna da shi suka rage girman hotunan takardunsa har shafin ya karɓa. Na riga na gaya wa mata uku a ofishinmu da jarrabawarsu ke tafe su zo wurinku, kuma na gargaɗe su kada su sayi ƙunshin roba a hannun kowa.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa albarka a sana'arku, Ya raya muku zuri'a. Littafin Ka'idojin Kuɗi da ka ara mini yana nan, ban manta ba, zan aiko ɗana da shi ranar Asabar in sha Allah.

Taku,
Ɗalibarku ta ajin yamma,
Unguwar Rogo, Jos.