Sanarwa Ga Masu Kiwon Aladu Kan Zazzaɓin Aladu Na Afirka

Ƴan'uwa, barkanmu da war haka. Don Allah kowa ya karanta wannan, musamman masu sayo aladu daga kasuwa irin ta Katsit a Kafanchan.

Cutar nan ba ta da magani. Ba ta kama mutum, amma idan ta shiga garke tana iya share shi kakaf cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ita ce ta yi mummunar ɓarna a gonar Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun a 2020.

Da farko aladen zai ƙi cin abinci, jikinsa ya yi zafi rau, su taru a lungu ɗaya su kwanta. Ku duba kunnuwa da ƙasan ciki, za ku ga fatar ta yi jawur ko ta koma shuɗi-shuɗi. Wasu su yi gudawa da jini, masu ciki kuma su yi ɓari.

Abin da ya fi damuna shi ne, sau da yawa mu muke kai ta gida da kanmu: a takalmi, a tayar mota, a ragowar abinci. Ƙwayar cutar tana yin watanni a cikin nama. Shi ya sa nake roƙonku, alade in ya kwanta kada a yi saurin yanka shi a sayar don gudun asara, garken maƙwabci ne zai biya.

Sabon alade a keɓe shi kwana 30. Dillali ya tsaya a waje. Aladen da ya mutu a binne shi da zurfi, a kira likitan dabbobi a ranar, domin a aika samfuri ɗakin gwajin cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato.